Labarin Johanna Veenstra ta Lupwe, da Kabarinta a Vom

Sa'ad da lokacin jubili ya kewayo, al'adarmu ce mu ƙidaya majami'u da makarantu da asibitoci, mu ɗaga murya mu yi wa Allah godiya. Wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wani abu kuma da ya kamata mu ƙidaya, shi ne kaburbura. Gama bisharan nan da mu ke ji a sauƙaƙe kowace Lahadi, ba a sauƙaƙe ta iso ƙasarmu ba. Waɗansu sun biya kuɗin hanyarta da rayukansu.

A Vom, bisa tudun Jos, akwai kabarin wata mace mutuniyar Amurka, sunanta Johanna Veenstra. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ba ta ko cika shekara 39 a duniya ba. Yawancin aikinta a wani ɗan wuri ta yi shi, ana ce da shi Lupwe, kusa da Takum, cikin ƙasar da a ke kira Jihar Taraba yanzu. Duk da haka sunanta bai ɓace ba har wa yau.

Ga dalilin da ya sa na zaɓi labarinta. Cikin yawon bishara na sha zama da sababbin masu-bi waɗanda danginsu suka juya musu baya. Sau da yawa ba yunwa ce ta fi damunsu ba, ba kuwa zagi ba. Abin da ya ke ci musu rai shi ne, ran da suka mutu wa zai wanke su, wa zai ɗauke su, a ina za a sa su. Tambaya ce mai-nauyi, ba ta wasa ba ce. Ina roƙonku ku karanta labarin wannan baiwar Allah da wannan tambaya a zuciyarku.

Gidan da aka haife ta

An haifi Johanna ran 19 ga watan Afril, 1894, a garin Paterson cikin jihar New Jersey ta Amurka. Iyayenta asalinsu mutanen Holan ne, suna cikin ekklesiyar da a ke kira Christian Reformed Church. Sunan ubanta William Veenstra, sunan uwarta Cornelia. Uban ya ji Allah yana kiransa zuwa aikin fasto, sai ya kwashi iyalinsa zuwa Grand Rapids cikin jihar Mishigan, domin ya yi karatun tauhidi. Da ya gama aka naɗa shi, ya kama aiki a wata ƙaramar ekklesiya a ƙauyen Zutphen. Wata takwas kaɗai ya yi a bakin aiki, zazzaɓin taifot ya kama shi, ya rasu.

Ya bar mata da 'ya'ya shida, ba dukiya. Uwar ta tattara 'ya'yanta ta koma Paterson, ta buɗe ɗan kanti tana sayar da kayan masarufi domin ta ciyad da su. Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Waɗansunmu suna tsammani dukan Turawan mishan daga gidajen masu-arziki suka fito. Ba haka ba ne. Johanna marainiya ce, 'yar gwauruwa, ta san rashi tun tana yarinya. A wurin uwarta ta fara ganin yadda mace ta kan tsaya ita kaɗai ta riƙe gida da taimakon Allah.

Ta yi makarantar Krista har ta kai shekara 12, sa'an nan ta yi shekara biyu tana koyon aikin ofis. Tana da shekara 14 ta sami aikin akawu a babban birnin Niyok, tana rubuta maganar maigidanta da gajeren rubutu, tana bugawa da tafireta. Kullum da safe ta tashi daga Paterson zuwa birni, da yamma ta komo, kuɗin da ta samu kuwa ya shiga cefanen gida.

Yadda Allah ya kira ta

Birni yana da abubuwa masu-jan zuciyar yarinya, Johanna kuwa ba dutse ba ce. Amma tun tana budurwa maganar Allah ta kama ta, ta gane zaman 'yar fasto ba ya ceton kowa, ta ba da kanta ga Yesu Kristi da zuciya ɗaya. Daga nan ta shiga aikin bishara cikin garinsu, wurin matalauta da waɗanda duniya ta yar. Cikin 1913 ta shiga makarantar koyon aikin mishan a Brooklyn, unguwar Niyok.

Da damina ta 1915 aka yi wani taron ɗalibai a bakin tafkin Geneva cikin jihar Wisconsin. Ɗaya daga cikin masu-magana shi ne Dokta Karl Kumm, mutumin Jamus, wanda ya kafa Sudan United Mission, watau S.U.M. A zamanin nan in an ce Sudan, ana nufin dukan ƙasar da ta miƙe kudu da hamadar Sahara, tun daga kogin Kwara har zuwa kogin Nilu. Dokta Kumm ya zo ƙasarmu cikin 1904 tare da abokansa uku, Dokta Bateman da John Burt da Lowry Maxwell, suka hau kogin Binuwai, suka fara zama a Wase. Bayan haka ya ratsa Afirka tun daga nan har Masar. Abin da ya gani da idonsa ya faɗa wa ɗaliban nan, watau kabilai masu-yawa waɗanda ba su taɓa jin sunan Yesu ba.

Maganar ta shiga Johanna. Ba ta yi gaggawa ba, ta keɓe kanta kwana uku tana addu'a. Da ta tabbata kiran daga Allah ne, ta rubuta wa S.U.M. tana neman su aike ta.

Shekarun jira

Amsar da ta samu ba mai-daɗi ba ce. Mishan tana da doka, ba ta aika kowa Afirka sai ya cika shekara 25. Johanna kuwa shekararta 21 ke nan. Da wata ce, da ta yi fushi ta ce an rufe mata ƙofa. Ita ba ta yi haka ba. Ta tafi Grand Rapids ta yi aikin bishara cikin gari a ƙarƙashin ekklesiyar Eastern Avenue, tana kuma ƙara karatu a kwalejin Calvin. Sa'an nan ta koma Niyok ta koyi aikin ungozoma a asibitin Bellevue.

Mutanenmu sun ce sannu ba ta hana zuwa. Shekarun nan da ta ga kamar an ɓata mata, su ne suka sa mata kayan aiki a hannu. Aikin ungozoman da ta koya sa'ad da ta ke jira, shi ya buɗe mata ƙofofin gidajen da wa'azi kaɗai ba zai buɗe ba. Saurayi ko budurwa da ke karanta wannan, wanda dattawan ekklesiya suka ce masa ya dakata tukuna, kada ya zauna hannu rabbana. Bari ya koyi sana'a, ya koyi Littafi, ya yi hidimar da ke gabansa.

Ta cika shekara 25 cikin Afril 1919. Ran 2 ga watan Oktoba na shekaran nan ta shiga jirgin ruwa mai-suna Mauretania daga Niyok zuwa Ingila. Ran 31 ga Disamba ta shiga wani jirgi zuwa Afirka, ta sauka Ikko cikin Janairu 1920.

Hanyar Lupwe

A lokacin nan hedkwatar S.U.M. tana Ibi, a bakin Binuwai. An riga an buɗe tashar Wukari cikin 1906, ta Donga kuma cikin 1907. Mai-karatu na Kano ko Zariya zai yi tambaya, me ya sa aka bi ta can, ba a zo manyan birane ba? Dalili shi ne gwamnatin Ingila ta wannan zamani ta taƙaita aikin mishan ƙwarai cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. Saboda haka S.U.M. ta fuskanci kabilan kwarin Binuwai da na duwatsu.

Shekararta ta fari Johanna ta yi ta tana koyon Hausa. Mutanen da za ta zauna cikinsu ba Hausawa ba ne, amma Hausa ita ce harshen kasuwa da na hanya, da ita Bajukune da Bacame da mutumin dutse su kan fahimci juna. Da Hausa aka koya wa masu-bi na fari karatu, da ita suka yi waƙa da addu'a tare. Wannan harshe namu ya zama kamar kwalekwalen da bishara ta haye koguna da shi, ya kamata mu gode wa Allah saboda wannan.

Cikin Fabrairu 1921 ta isa Lupwe, 'yan mil kaɗan daga Takum. Bayan shekara biyu aka danƙa mata shugabancin tashar. Mutanen kewayen wurin su ne Kuteb, waɗanda littattafan Turawa na dā su ke kira Dzompere. Da yawansu bisa duwatsu su ke zaune, gama shekarun harin bayi sun koya musu tsoron fili da tsoron baƙo. Wanda kakanninsa suka sha wuya a hannun baƙi ba ya saurin amincewa da wani sabon baƙo, ko da ya zo da murmushi. Sai da haƙuri.

Aikinta a Lupwe

Aikinta kashi uku ne, magani da makaranta da wa'azi.

Wajen magani, ita ba likita ba ce, amma abin da ta koya ya yi amfani ƙwarai a ƙasar da babu asibiti kusa. Ta kan wanke gyambo, ta ba da maganin zazzaɓi, ta zauna wurin mace mai-naƙuda. Wanda aka ɗaure masa ƙafa yau, gobe ya kan saurari abin da mai-ɗaurin za ta faɗa. Ba sayen mutane da magani ta yi ba. Ubangijin da ta ke bi shi ma ya warkad da marasa-lafiya, ya kuma yi musu wa'azin Mulkin Allah, ita kuwa sawunsa ta bi.

Wajen makaranta, ta riƙe makarantar kwana ta samari, inda a ke koya musu karatu da rubutu da Littafi Mai-tsarki domin su zama malamai da masu-bishara. Yawansu ya kan kai 25. Mai-karatu zai ce, ashe kaɗan ne. Gaskiya ne, kaɗan ne. Amma ta gane wani abu tun da wuri, watau Baturiya ɗaya ba za ta iya hawan kowane dutse ba, ba kuwa za ta dawwama ba. In bishara za ta zauna a ƙasar, sai 'ya'yan ƙasa sun ɗauke ta da bakinsu da ƙafafunsu.

Wajen wa'azi, ta kan fita yawo ƙauyuka, wani lokaci da keke, inda keke ba ya bi kuwa da ƙafa. Ta kan yi kwanaki a hanya, ta kwana inda dare ya same ta. Ɗaya daga cikin wuraren da maganar ta kama sosai shi ne Kwambai. Daga can Istifanus Audu ya fito, wanda za mu sake ambatonsa a gaba.

Akwai ƙa'idar da ta riƙe da ƙarfi, ita ce ekklesiya ta tsaya da ƙafafunta. Masu-bi su gina ɗakin sujadarsu da hannunsu, su ɗauki nauyin masu-yi musu hidima, su yi shawarar al'amuransu, su kai bishara ƙauyen da ke gaba da su. Ba ta so ekklesiya ta zama kamar jinjirin da ba a yaye shi, kullum bakinsa a kuɗin Turai. Bisa ga al'adar S.U.M. kuma ba a gaggawar yi wa mutum baftisma, sai ya daɗe cikin ajin koyo, an ga halinsa a gida da gona da kasuwa. Wannan hanya tana da wuya, tana kuma da jinkiri. Amma ginin da aka yi wa tushe mai-zurfi shi ke jure damina.

Sa'ad da ta kan koma Amurka hutu, ba hutawa ta ke yi ba. Ta kan bi ekklesiyoyi tana ba da labarin ƙasarmu. Ta kuma rubuta littattafai biyu, Pioneering for Christ in the Sudan cikin 1926, da Black Diamonds cikin 1929.

Ƙayar da ta ke ɗauke da ita

Akwai abin baƙin ciki guda da ya kamata a faɗa, gama jubili ba lokacin ɓoye gaskiya ba ne. Ekklesiyar da ta haifi Johanna ba ita ta aike ta ba. Cikin 1920, shekarar da ta sauka Ikko, babban taron ekklesiyarsu, wanda su ke kira Sinod, ya zauna domin ya zaɓi ƙasar da za su kai bishara. Aka sa Sudan da ƙasar Sin a ma'auni, aka zaɓi Sin. Cikin dalilan da aka kawo har da raina baƙar fata, watau wai ba za a sami amfani mai-yawa daga irin mutanenmu ba. Dattawan ekklesiya ne suka yi wannan tunani, kuskure ne kuwa babba, 'ya'yansu ma sun yarda da haka daga baya.

Johanna ba ta fita daga ekklesiyarta ba, ba ta kuwa bar Lupwe ba. Ta yi aiki a ƙarƙashin S.U.M., waɗansu ikilisiyoyi da masu-bi ɗai ɗai na ɗariƙarta suna taimakonta da kuɗi da addu'a. Ta yi ta roƙo, ta yi ta rubutu. Sunan littafinta na biyu ma amsa ce, gama ma'anarsa baƙaƙen lu'ulu'ai, watau mutanen da aka raina su ne duwatsu masu-daraja a wurin Allah. Roƙonta ya fara ba da 'ya'ya sa'ad da waɗansu mata na ɗariƙarta suka biyo ta. Nelle Breen ta zo cikin 1930, bayanta kuma Jennie Stielstra da Bertha Zagers. Amma yardar Sinod, ba ta gan ta da idonta ba.

Ciwo da rasuwa

Cikin 1932 aka buga dukan Littafi Mai-tsarki da Hausa karo na fari, tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Babbar kyauta ce ga kowace tasha, har da Lupwe, gama yanzu ɗalibai za su karanta maganar Allah duka cikin harshen da su ke ji. Ga ma'aikata sun ƙaru, ga Littafi ya samu. Ga idon mutum, lokacin girbi ya yi.

Sai cikin watan Maris 1933 ciwo ya kama Johanna. Asibitin S.U.M. yana Vom, wanda Dokta Barnden ya kafa a farkon shekarun 1920. Tsakanin Lupwe da Vom tafiya ce mai-nisa, sai an haye Binuwai, a ratsa kwari, a hau tudu. Ta yi wannan tafiya. Aka duba ta, aka ga ciwon ɗan wutsiyar hanji ne, wanda likitoci su ke kira afendis. Aka yi mata aiki, aikin kuwa ya yi kyau. Amma jikin da ya yi shekara 13 yana fama da rana da hanya da aiki ya gaji. Zuciyarta ta kasa.

Ta rasu ran 9 ga watan Afril, 1933. Ranar kuwa Lahadin Ganyen Dabino ce, ran da ekklesiya ta ke tuna shigar Ubangiji Urushalima. Saura kwana goma ta cika shekara 39.

Jana'izarta

A Vom aka binne ta. Ba a Paterson ba inda aka haife ta, ba a Lupwe ba inda ta zuba ƙarfinta. Tsakaninta da ƙasar iyayenta akwai teku, tafiyar makonni a jirgin ruwa. Ƙasar Birom ce ta karɓi jikinta, ƙasar da ba ta kakanninta ba ce, ba kuwa ta mutanen da ta yi wa hidima ba.

In mun auna da ma'aunin duniya, wannan mutuwar baƙunci ce, irin wadda kowa ya ke gudu. A wurinmu mutum yana so a sa shi kusa da ubansa, dangi su taru, a yi zaman makoki, a san inda kabarinsa ya ke. Johanna ba ta sami wannan ba. Amma ba a yashe ta ba. A hannun 'yan'uwa cikin Kristi ta yi jinya, a hannunsu ta cika, su ne kuma suka sa ta a makwancinta. Ba jini ɗaya ya haɗa su ba, ba gari ɗaya ba. Jinin Yesu ne ya mai da su danginta.

Ku duba kuma makon da abin ya faru. Kwana biyar bayan rasuwarta ekklesiya ta tuna Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji, aka sa shi a kabarin da ba nasa ba, kabarin Yusufu na Arimatiya. Ran Lahadi 16 ga Afril kuwa aka yi Idin Tashinsa daga matattu. Masu-makokin Johanna ba su bukaci wani dogon wa'azi ba, kwanakin da kansu sun yi musu wa'azi. Wanda ya kwana a kabarin aro ya tashi, ya san inda kowane nasa ya ke kwance.

Ba ita kaɗai ba ce ta kwanta nesa da gida. Cikin 1894, shekarar da aka haife ta, Walter Gowans ya mutu a Girku cikin ƙasar Zazzau, abokinsa Thomas Kent kuma ya mutu a Bida. Su biyu tare da Rowland Bingham su ne mafarin S.I.M., su biyun kuwa ba su ga ekklesiya ko ɗaya ta kafu ba. Can ƙetaren hamada kuma, a Tamanrasset cikin ƙasar Aljeriya, garin da fatakenmu na Agadas suka sani, wani Bafaranshe mai-suna Charles de Foucauld ya zauna cikin Abzinawa tun 1905. Ɗariƙarsa Katolika ce, dabam da tamu. Ya yi shekaru yana tattara kalmomin harshensu, ya shirya babban ƙamus, aka kashe shi a ƙofar gidansa ran 1 ga Disamba 1916, aka binne shi a wurin. Shi ma bai ga taron masu-bi ba. Ubangiji ya koya mana cewa ƙwayar hatsi ba ta yin zangarniya sai an binne ta tukuna. Manomi ya san wannan tun kafin ya iya karatu.

Abin da ya tsiro

Rasuwarta ba ta rufe Lupwe ba. Matan nan da suka biyo ta suka riƙe aikin, tare da masu-bishara 'yan ƙasa waɗanda ta koyar. Cikin 1934 Nelle Breen ta auri Edgar Smith, ma'aikacin S.U.M. daga Ingila, suka yi shekaru masu-yawa suna hidima a wannan ƙasa. Cikin 1937 Henry Beets ya buga labarin rayuwarta a Amurka, mutane da yawa suka karanta. Cikin 1939 Sinod ɗin nan da ya ƙi Sudan ya sake shawara, ya yarda ya ɗauki nauyin aikin Lupwe, aka kuwa danƙa masa cikin 1940. Abin da ta roƙa tana da rai, an ba ta shekara bakwai bayan tana kabari. Ƙofar ƙasar Sin kuwa ta rufu ga 'yan mishan bayan juyin mulkin 1949, aikin Nijeriya ya zama babba a wurinsu.

Cikin 1947 aka naɗa Istifanus Audu na Kwambai, shi ne fasto na fari ɗan ƙasa a wannan ekklesiya. Cikin 1955 ekklesiyoyin da suka fito daga aikin S.U.M. suka haɗa zumunci da sunan Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya aka sāke mata suna ta zama TEKAN. Ekklesiyar da ta tsiro daga Lupwe da Wukari da Donga ita ce a ke kira CRCN, hedkwatarta tana Takum. Makarantar tauhidinta a Donga sunan Veenstra ta ke ɗauke da shi. Ba mu ɓoye ba, ekklesiyan nan ta sha rabuwa cikin 1973, abin da zai ɓata wa Johanna rai ƙwarai. Wannan ma abin addu'a ne a gare mu, domin gonar da aka shuka da hawaye kada a raba ta da gardama.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu fa, 'yan'uwa, bari in koma kan tambayar da na fara da ita.

Kai sabon mai-bi, wanda danginka suka ce ba ruwansu da gawarka, ka dubi kabarin nan na Vom. Wadda ke ciki ta bar danginta saboda Kristi, ba ta kuwa rasa masu-binne ta ba. Kada tsoron rami ya hana ka bin Mai-rai. Ka ci gaba da girmama iyayenka, ka gaishe su, ka taimake su da abin da ka ke da shi, kada ka rama mugunta. Sauran ka bar wa Allah.

Ku kuma dattawan ekklesiya, wannan magana kaya ce a kanku. In mun ce wa mutum ya zama ɗan'uwanmu, wajibi ne mu zama danginsa na gaskiya, ran suna da ran aure da ran ciwo da ran mutuwa. Kowace ekklesiya ta tanadi wurin binne nata tun bukata ba ta zo ba. A san wanda zai haƙa, a san wanda zai kawo likkafani, a san wanda zai zauna da gwauruwa da marayu bayan kowa ya watse. Abin kunya ne mai-bi ya mutu a rasa masu-ɗaukarsa.

Ku mata na Zumuntar Mata, iyayenmu da 'yan'uwanmu, ku da ku ke share ɗakin sujada, ku ke dafa abincin baƙi, ku ke kwana wurin masu-jinya, ku ke fara isa gidan makoki, kada wata a cikinku ta ce aikinta ƙanƙane ne, ko garinta ƙauye ne. Lupwe ma ƙauye ne. Wadda ta riƙe shi kuwa mace ce, marainiya, wadda ba a taɓa naɗa ta fasto ba. Allah ba ya auna hidima da girman gari, da aminci ya ke aunawa.

Ku samari da 'yan mata, har yanzu akwai ƙauyukan da ba wanda ya kai musu labari. Ba sai kun haye teku ba, waɗansu tafiyar yini guda ce daga ƙofarku. Johanna ta ji kira tana da shekara 21, ta yi jira, ta shirya, ta tafi, ba ta juya ba. Wa zai tashi a cikinku?

Ba mu yi wa Johanna Veenstra sujada, ba mu kuwa roƙonta kome. Mai-zunubi ce da aka cece ta ta wurin alheri, kamar ni da ku. Amma muna gode wa Allah da ya aiko ta, muna kuma roƙonsa ya ba mu irin haƙurinta da amincinta, har ran da ƙaho zai yi ƙara, kaburburan Vom da na Girku da na ƙauyukanmu duka su buɗe, mu taru gaban Ɗan Rago, ba baƙo, ba ɗan gari.

Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya zauna tare da ku duka. Amin.